Fatalwar Edinbara da Mai Ba da Labarinta

A tsakiyar Edinbara, babban birnin Sikotilan, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Greyfriars. Idan dare ya yi, mutane kan biya kuɗi su bi jagora zuwa cikinta don kawai a tsorata su. Wanda ya kafa ɗaya daga cikin kamfanonin wannan yawon dare shi ne Jan-Andrew Henderson, marubucin da alƙalaminsa ya rabu gida biyu: yana rubuta tarihin birnin da fatalwowinsa, yana kuma rubuta wa matasa ƙagaggun labarai masu sa faɗuwar gaba.

Littafinsa na 1999, The Town Below the Ground, ya shiga da mai karatu ƙarƙashin ƙasa. Ganuwa ta daɗe tana matse tsohon birnin, har mutane suka riƙa ɗora bene kan bene. Da aka gama gadar South Bridge a 1788, sai aka yi ɗakuna a cikin bakunan da ke tallafe da ita. Masu sana'a ne suka fara zama a ciki. Da laima da yoyon ruwa suka kore su, matalauta suka maye gurbinsu, a duhu, ba taga ba iska. Daga baya aka cike wurin da ɓaraguzai, aka manta da shi har shekarun 1980. A nan Henderson ya fi ƙarfi, domin talauci ba ya bukatar a ƙara masa gishiri kafin ya tayar da tsigar jiki.

Labarin maƙabartar ya fi wannan sarƙaƙiya. A 1679, bayan yaƙin Bothwell, aka tsare kimanin mutum 1,200 a wani fili da ke manne da Greyfriars. Kiristoci ne da suka ƙi yarda sarki ya zama shugaban cocinsu. Watanni suka yi a sarari, ruwa na dukansu, abinci bai taka kara ya karya ba. Wasu suka mutu, wasu suka yi rantsuwar biyayya aka sake su. Sauran 257 aka loda su a jirgin ruwa don a kai su bauta a gonakin Amurka. Jirgin ya tarwatse a gaɓar tsibiran Orkney a watan Disamba, kusan 200 suka nutse. Babban lauyan sarki da ya jagoranci gurfanar da irin waɗannan mutane, George Mackenzie, ya mutu a 1691, kuma ikon Allah, a wannan maƙabartar aka binne shi, kusa da filin da aka azabtar da su.

An ce a ƙarshen shekarun 1990 wani marar wurin kwana ya kutsa cikin kushewar Mackenzie yana neman mafaka, kuma tun daga lokacin baƙi ke fitowa da yakushi a jiki, wasu ma su suma. Waɗannan bayanai ne Henderson ya tattara a The Ghost That Haunted Itself a 2001. Mai hankali zai karanta shi da taka-tsantsan: wanda ya rubuta littafin shi ne mai sayar da tikitin shiga wurin, kuma ba a taɓa jin mai tallan nono ta ce nononta ya yi tsami ba. Mutumin da aka tsare a duhu, bayan an yi awa guda ana cika masa kunne da labarin gawa, ba sai aljani ya taɓa shi zai faɗi ba.

Amma wannan sana'ar ce ta koya masa abin da ke riƙe mai sauraro, kamar yadda tsohuwa mai tatsuniya ta san inda za ta yi shiru kafin Dodo ya fito. Ana ganin haka a Bunker 10, wanda ya fito a 2007. Tun farko ya sanar cewa wani ɓoyayyen sansanin soja a dajin Sikotilan ya tashi da wuta a jajiberin Kirsimeti, da matasa bakwai masu baiwar ƙwaƙwalwa a ciki, sa'an nan ya koma baya ya bi ranarsu ta ƙarshe. Yaron da ya san ƙarshen labari, amma bai san hanyar da aka bi ba, da wuya ya ajiye littafi. Duk malamin da ya taɓa fama da ɗan kwaleji mai hamma a kan shafi na uku ya san darajar wannan dabara, kuma bai kamata a raina ta don ba ta cikin manhaja ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da ya dace da ƙagaggen sansani bai dace da matattu na gaskiya ba. A yawon dare, Mackenzie ne tauraro: sunansa ake kira, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa, shi ake jira. Waɗanda ya gallaza wa sun zama shimfiɗar labari, ana ambaton su don a ɗumama tsoro. Duk da haka, da yawa daga masu biyan kuɗin ba za su taɓa jin abin da ya faru a 1679 ba, in ba don sun zo neman fatalwa ba. Waɗanda suka nutse kuwa, an gina musu hasumiyar tunawa a 1888 a Deerness, can arewa a bakin tekun da ya cinye su, tafiya mai nisa daga Greyfriars.