Mu Sayi Firam Kaɗai Ko Mu Sayi Keke Sukutum?

Wannan makon zancen keke muka kawo muku, kuma a gaskiya zancen kuɗi ne, domin duk wanda ya taɓa matse bakin aljihunsa zango biyu cur yana zubi a asusu ya san ranar fasa asusun ba ranar wasa ba ce. Mu biyu ne, wa da ƙani, a Jos muke. Babbanmu yana aji biyu na babbar sakandare, ƙaraminmu yana aji uku na ƙarama. Kuɗin da muka tara ya fito ne daga rarar kuɗin tara, da goron sallah, da ladan tonon dankalin Turawa da muka yi a gonar kawunmu a dogon hutu.

Keke ɗaya kuɗin zai iya saya, amma aiki uku muke so ya yi mana. Zai kai mu makaranta, tunda kuɗin Keke Napep ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma rabin hanyarmu kwalta ce, rabi jar ƙasa mai tsakuwa da kwazazzabai. Zai ɗauki niƙan Mama da tukunyar gas. Ranar Asabar kuma muna so mu bi abokanmu wajen duwatsun Shere. Garin Jos kansa yana sama da mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, saboda haka a nan duk inda ka nufa ko dai kana hawa ko kana gangara. Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu ba su da na biyu wajen ɗaukar kaya, sai dai giya ɗaya gare su, in ka zo hawa dole ka sauka ka tura.

Muna cikin wannan lissafi ne mai gyaran keken unguwarmu, dattijon da duk muke ce wa Baba, ya nuna mana wani firam da ke rataye a shagonsa. Na hannu ne, cikin kayan da ake shigowa da su daga Turai. Ba taya, ba sarƙa, ba sirdi, ba komai, ƙashin keken ne zalla. Na keken hawan dutse ne, irin wanda ake sa wa shokozoba a gaba kawai, bayansa a sandare yake. Kuɗinsa zai cinye kusan rabin asusunmu. A kasuwa kuwa mun riga mun ga wani sabon keke fil a leda, ja da baƙi, da shokozoba gaba da baya, wanda kuɗinmu zai saye shi har a ba mu canji.

Nan muka rabu biyu. Ƙaraminmu ya ce wane irin mutum ne zai bar keken da zai hau yau ya sayi bututu huɗu da ba sa tafiya? Maganarsa tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba. Wata uku na jiran a haɗa keke wata uku ne na biyan kuɗin Napep.

Baba bai ce mana mu sayi nasa ba. Cewa ya yi, "Samari, ku je ku ɗaga wancan jan da hannu ɗaya, sannan ku riƙe tayar baya ku girgiza ta hagu da dama, ku dawo ku ba ni labari." Muka je. Nauyinsa sai da ya ba mu mamaki. Bayan kuma bai yi motsi ba don sabo ne, amma mun ga inda motsin zai fito: ƙusoshi ne ke riƙe da ɓangaren baya a jikin na gaba, kuma duk wurin da ke juyawa wata rana zai ci ya saki. A kekuna masu tsada boris mai kyau ake sa wa a wuraren nan, a kuma sa shokozoba mai mai ko mai iska wadda ke dawowa a hankali. A masu araha sifirin ne kawai. Kana taka feda a hawa yana lotsawa yana tashi, ƙarfin ƙafarka yana tafiya wajen lilo da kai. Sannan babu inda za a ɗaura kariya, domin bayan motsi yake yi. Niƙan Mama ya fita daga lissafi ke nan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wani abin da ya kwantar wa ƙaraminmu da hankali shi ne da ya gane cewa kekunan dutse na farko ma ba su da shokozoba ko ɗaya. A shekarun 1970 ne wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa gangarowa daga duwatsu da tsofaffin kekuna masu fāɗin taya. Tseren da suka fara a 1976 ana ce masa Repack, saboda zafin birki yakan ƙone girishin tayar baya, dole a sake cusa wani bayan kowane gangare. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman don wannan hawa a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, shokozobar gaba ba ta bazu ba sai wajen 1990. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta, kuma har yau akwai 'yan tseren da ke hawa mai sandararren baya.

To, jan keke ya fita. Amma hakan bai sa firam ɗin Baba ya zama abin saye ba. Tambayar da ta fi cin lokacinmu ita ce: me muke da shi da zai shiga jikinsa? Akwai tsohon keken yayanmu a bayan ɗaki, wanda firam ɗinsa ya tsage tun bara, mun sa rai za mu kwashe kayansa mu mayar kan sabon. Baba ya yi dariya ya ce, "Keke ba riga ba ce da za a ce kowa ya sa ta yi masa. Ku auna."

Muka roƙi malaminmu na Fiziks ya ara mana ma'aunin nan mai baki kamar sifana da ake gwada kaurin bututu da shi a ɗakin gwaje-gwaje. Ya ce ba zai fita da shi daga makaranta a hannunmu ba, amma da yamma ya biyo ta shagon da kansa. Abin da muke ta haddacewa don jarrabawa ranar ya yi mana rana.

Tsakanin kunnuwa biyu na baya, inda taya ke zama, mun sami milimita 135. Wannan albishir ne, domin shi ne tsohon awo da tayoyinsa suka cika kasuwar kayan hannu. Sababbin firam da yawa 142 ne ko 148, da sanda mai kauri da ake zurawa ta tsakiyar taya, kuma neman irin wannan taya a nan sai an yi da gaske. Ramin da sandar feda ke shiga mai zare ne irin na noti, faɗinsa 73, kuma kowane mai gyara yana da abin kwance shi. Akwai wani iri da ake dannawa da ƙarfi ba zare, wanda in ya fara ƙara sai ya ishe ka. Fedarmu, da giyar baya, da sarƙa, da kan keke duk za su shiga.

Daga nan labarin ya fara ɗaci. Tayoyin yayanmu inci 26 ne, firam ɗin kuma an yi shi don 27.5. Za a iya sa ƙarama a wurin babba, sai dai keken zai ɗan yi ƙasa, feda ta riƙa bugun dutse. Babbar matsalar ma birki ce: tsohon keken birkin roba gare shi mai matse gefen rim, sabon firam kuwa ba shi da wurin ɗaura wannan, birkin faifai kaɗai yake karɓa, tayoyinmu kuma ba su da wurin ɗaura faifan. Tayoyi biyu, birki biyu, da ƙafar gaba mai shokozoba, duk sai an saya. Sandar sirdinmu 27.2 ce, ramin 30.9, amma wannan ƙaramin abu ne, akwai zoben ciko. Da muka rubuta komai a bayan littafin lissafi muka tara, jimlar ta zarce abin da ke hannunmu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Duk wanda zai sayi firam kaɗai ya yi wannan lissafin kafin ya miƙa ko sisi. Kuɗin da aka faɗa maka a bakin shago somin taɓi ne.

Sai batun ƙarfen kansa. Firam ɗin na alminiyam ne. Kun tuna a aji an ce mana nauyin alminiyam giram 2.7 ne a kowane santimita kubik, na ƙarfe kuma wajen 7.8? Shi ya sa ake yin bututunsa masu kauri amma keken bai yi nauyi ba, kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, abin da ke da amfani a daminar Jos. Illarsa ɗaya ce mai girma. In firam na ƙarfe ya tsage, mai walda na bakin titi zai iya ɗinke shi. In na alminiyam ne, sai mai walda ta musamman da iskar agon, kuma ko an yi, zafin yakan raunana wurin. Ma'ana tsagewa ɗaya tana iya zama ƙarshen kuɗinmu. Don haka muka ƙi yin cinikin biri a sama. Muka wanke shi tas da omo, muka fito da shi rana, muka bi kowace walda da ido da farce: ƙarƙashin wuya, kewayen ramin feda, bakin ramin sirdi, da kunnuwan baya. Tsaga takan fito kamar siririn gashi a cikin fenti. Mun sami ƙarzuwa da yawa da ɗan loɓawa guda a bututun ƙasa, ba mu sami tsaga ba. Baba ya koya mana wata dabara kuma: ka ɗaura zare a kunnen baya na dama, ka zagayo da shi ta wuyan firam, ka ɗaure a kunnen hagu, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In sun yi daidai, firam bai karkace ba. Namu bambancin bai kai milimita 2 ba.

Akwai wani ɗan guntun ƙarfe da giyar baya ke rataye a jikinsa. Da gangan aka yi shi mai laushi, don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe a madadin firam. Kusan kowane samfuri da siffar nasa, kuma in ya karye ba ka da wani, keke ya zauna. Na jikin firam ɗin lafiyarsa ƙalau, amma ba na ajiya. Wannan har yanzu yana damunmu, mun dai ɗauki hotonsa muka tura wa wani ɗan uwanmu da ke Legas ya duba mana.

Girman firam shi ne inda kasancewarmu mu biyu ta zama matsala. Babbanmu tsayinsa mita 1.72, ƙaraminmu 1.58 kuma yana kan tsawo. Firam ɗin matsakaici ne, inci 17. Ya yi wa babba daidai, ya ɗan yi wa ƙarami yawa. Abin da ya cece mu shi ne bututun sama a gangare yake zuwa baya, don haka da Baba ya ɗora shi kan aron tayoyi, ƙaraminmu ya tsaya a tsakiya ƙafafunsa biyu a ƙasa, da sauran tazara kamar yatsu biyu. Za a sa wa sirdi maƙalli mai hannu wanda ake ɗagawa ko saukewa ba tare da sifana ba. Kuma nan da shekara ɗaya, lokacin da babbanmu zai gama makaranta, keken na ƙaraminmu ne, shi ma ya san da haka, shi ya sa gardamarsa ta ragu sosai a daidai wannan gaɓa.

Abin da ya yanke hukunci a ƙarshe ƙananan ramuka ne huɗu masu zare, biyu kusa da kunnuwan baya, biyu a ƙasan sirdi. Wurin ɗaura kariya ne. Ga kuma fili tsakanin ƙafafun baya da zai ɗauki taya mai faɗin inci 2.3 don ranar Asabar, ko siririya mai santsi don kwalta. Da muka nuna wa Mama, ita ce ta fara cewa a saya.

Mahaifinmu ya gindaya sharaɗi biyu. Ba za a taɓa kuɗin da ake ajiyewa na rajistar WAEC ba ko da naira ɗaya, kuma kwado da sarƙar kullewa suna cikin lissafi tun farko, domin keke mai kyau a harabar makaranta ido yake ja. Muka amince. Mun zaɓi birkin faifai mai waya, muka bar mai aiki da mai duk da ya fi kamawa, tunda wayar birki ko a ƙauye ka tsinke za ka sami wata. Shokozobar gaba kuma Baba ya ce kada tafiyarta ta wuce milimita 120, don an ƙera wuyan firam ɗin ne a kan haka, mai tsawo fiye da nan za ta riƙa tursasa shi.

Mun biya kuɗin firam, mun ba da kafin alƙalami a kan tayoyi biyu na hannu. An riga an kwashe feda da giya daga keken yayanmu an ɗaura. Saura ƙafar gaba, wadda kuɗinta bai cika ba. Kawu ya ce akwai aikin ban ruwa a gonar rani idan an yi hutun zangon farko, kuma mun riga mun ce masa ya sa sunanmu.