Mun Gwada Windows 11 a Shagonmu



Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, shekara goma bayan fitowarta. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana tashi tana aiki, sai dai duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, babu mai zuwa ya toshe. Mu da muke riƙe da shagon buga takardu da cike fom, abin ya shafe mu kai tsaye. Hotunan mutane, takardun haihuwa, lambobin NIN, sakamakon jarrabawa, duk ta kan injinanmu suke bi. Amana ce, shi ya sa muka ce bari mu gwada sabuwar a kan inji ɗaya tukuna.

Kafin ka gwada ta, ita ce za ta fara gwada ka. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, da ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Idan kuma furosesa ta Intel ce, galibi sai zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocinmu biyar duk na hannu ne. Da muka auna su da manhajar PC Health Check, biyu suka tsallake. Ta ukun ashe tana da TPM ɗin, a kashe yake a cikin BIOS da sunan PTT, muna kunnawa ta wuce. Saboda haka ku leƙa can kafin ku yanke wa injinku hukunci.

Mun kwashe aikin mutane zuwa wani ma'aji na waje, muka sauke fayil ɗin sau ɗaya a kan filash, domin ya haura gigabait 5 kuma data ba ruwan rijiya ba ce. Muka bari sai bayan an rufe shago, janareta cike da mai, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa ba ƙaramar masifa ba ce.

Washegari yarinyar da take mana bugu ta kai hannu kusurwar hagu neman maɓallin Start, ta tarar ya koma tsakiya. Wannan mai sauƙi ne, ana mayar da shi hagu a saituna. Danna dama a kan fayil shi ma ya canza, an gajarta jerin, sai ka ƙara dannawa kafin tsohon ya fito. Kwana uku hannu ya saba. Abin da ya burge mu shi ne raba allo: fom a gefe, takardar mai aiki a gefe, ba sai ana ta tsalle ba. Ga kuma buɗe jakunkuna da yawa a taga guda. Allon rubutun Hausa yana nan, ƙ da ɗ da ɓ suna fita lafiya lau. Injin mai RAM 4 kuwa ya ɗauka, amma da nishi, sai da muka ƙara masa zuwa 8 ya sake. Akwai kwana goma na komawa tsohuwar idan ba ta yi maka ba. Mu ba mu koma ba.

Inda muka daɗe muna shawara shi ne kan guda biyun da suka rage. Lafiyarsu ƙalau, da su muka biya hayar shago shekara da shekaru, kuma mu a nan ba mu saba jefar da abin da ke numfashi ba. Wani mai gyara ya ce zai tura musu sabuwar ta bayan gida. Ana yin haka, amma kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa irin waɗannan injina samun gyare-gyare ba, mu kuwa don gyare-gyaren muka taso. Kamfanin ya fito da shirin ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba, 2026, sai dai jinkiri ne kawai.

Ga yadda muka raba su. Ɗaya mun cire ta daga intanet gaba ɗaya, ta zauna da Windows 10 ɗinta tana bugu da zanen katin biki a CorelDRAW, kuma ba a soka mata filash ɗin baƙo. Ɗayar mun sa mata Linux Mint, kyauta ce, tana cike fom ta burauza ba tare da gardama ba. Ko kwabo ba mu kashe a sabon inji ba.

Ku da ke da shaguna ko ofis, yaya kuka yi da naku tsofaffin? Musamman wanda ya haɗa tsohuwar firinta da Linux, muna son jin yadda ya kaya.