Dutsen Kufena: Ki Kai Yara Su Koyi Zane Da Fensir Ɗaya

Uwargida, idan kina da yaron da ke cika bayan littafin makaranta da zane-zane har kina yi masa faɗa kan ɓarnar takarda, duk ranar da hanya ta kai ku Zariya ki ware safiya ɗaya ki kai shi gindin Dutsen Kufena. Guzurin ba shi da yawa: farar takarda, kwali na ɗora ta, fensir HB da 2B, abin gogewa, da gorar ruwa.

Kufena na yamma da birnin Zariya, ta wajen Wusasa. Ƙaton dutse ne da ya taso shi kaɗai a tsakiyar gonaki, jikinsa da baƙaƙen layuka inda ruwan damina ya saba gangarowa. Masu tarihi suna lissafa shi tare da Turunku cikin tsoffin mazaunan mutanen Zazzau. Garin kuma ya san zane: a 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane wadda sunanta ya zaga duniya.

Ba sai kun hau dutsen ba. Ku nemi inuwa daga nesa inda za ku gan shi duka, ku gaisa da masu gonar wurin, ku zauna ta yadda rana za ta kasance a gefenku. In tana bayanku, dutsen zai fito fayau babu inuwa. In tana gabanku, zai zama baƙi gaba ɗaya.

Abu na farko, yaro ya ja layi ɗaya marar nauyi a kwance, daidai inda sama ta haɗu da ƙasa. Sannan ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsayin dutsen da babban yatsa, ya ga sau nawa tsayin ya shiga faɗinsa. Wannan awon ne ke hana shi zana tsinin dutsen da ke cikin kansa maimakon wanda ke gabansa.

Sai maganar nisa da kusa, kuma gonakin wurin sun isa malami. Ki nuna masa kunyoyin gona: a gabansa suna da faɗi, amma da suka yi nisa sai su riƙa matsewa kamar za su haɗu a wuri guda a kan layin nan da ya ja. Haka hanyar ƙafa take. Bishiyar da ke kusa takan fi dutsen tsawo a takarda, kuma yara sukan ƙi yarda da haka sai sun auna da kansu. Lokacin hunturu darasin ya fi fitowa, domin hazo na dusar da duk abin da ke nesa. Don haka na nesa a zana shi ƙarami, a dushe, babu ƙananan bayanai. Na kusa a danna fensir.

Inuwa ce ke ba dutse nauyi. Kafin ya taɓa zanen, ya yi akwati biyar a gefen takarda: na farko fari, na ƙarshe baƙi ƙirin, uku na tsakiya suna ƙara duhu kaɗan-kaɗan. Daga nan ya kanne ido ya dubi Kufena. Zai ga ƙananan abubuwa sun ɓace, saura ɓangaren haske da na duhu. Wurin da rana ta buga a bar shi farin takarda. Sauran a bi shi da gefen bakin fensir, a hankali, layukan suna bin lanƙwasar dutsen. A fara da sauƙi a riƙa ƙarawa, don ƙara duhu ya fi rage shi sauƙi. Ki sa masa guntuwar takarda ƙarƙashin hannu kada ya dame aikin.

Bishiya kuwa, kada ya ƙirga ganye. Ya zana ɗorawa ko mangwaro a matsayin dunƙule-dunƙule, sama da haske, ƙasa da duhu, ya bar ƴan kafofi inda ake hango sama. Kada ya manta inuwarta a ƙasa, kuma duk inuwoyin zanen su faɗi ɓangare ɗaya. In babu ita, bishiyar za ta zama kamar tana lilo a iska.

Uwar da ke da shakka kan zana mai rai, a nan hankalinta kwance: dutse ne, da itace, da gona, da gajimare.

Idan ya miƙo miki takardar, kada ki tsaya a “ya yi kyau” ko “bai yi kama ba”. Ki tambaye shi ta ina rana take a zanen, kuma me ya fi kusa. Ki rubuta kwanan wata a baya ki adana. Wadda Zariya ta yi wa nisa, Dutsen Dala na nan a Kano, Zuma na kan hanyar Abuja, kuma tulun da ke tsakar gidanki da hantsi yana da haske da inuwar da za a fara da su gobe.