Adakar Baba da Akwatin Imel

A Sabon Birni na zamanin ƙuruciyata, galibin wasiƙu a aljihun direba suke zuwa, ko a hannun ɗan ci-rani da ya dawo daga Ibadan gabanin damina, ko ta wajen dangi na Tsibiri da Maraɗi, don iyaka ba ta raba zumuncin Gobirawa ba. Mahaifina yana karanta ajami da boko, saboda haka mutanen unguwa wurinsa suke kawo takardunsu, ya karanta musu, su bar masa ajiya.

Adaka ce ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, cikinta ƙulli-ƙulli. Rasit na haraji da jangali an ɗaure su da igiyar kaba. Takardun gona da na rabon gado, masu hatimin alƙali, suna cikin gafaka don gudun gara. Wasiƙun 'yan ci-rani kuwa gida-gida ya kasa su. Akwai ƙulli guda da ba ya shiga adaka, yana ƙarƙashin buzunsa: wasiƙun da ba a mayar da amsarsu ba. Bayan la'asar sai ya ɗaga buzun ya ce, "Kai yaro, ɗauko alƙalami. Wagga takarda amana ta, mai ita na can na jira."

Na buɗe akwatin imel na farko, na Yahoo, a wani shagon intanet a Sakkwato, zamanin da Attahiru Bafarawa, mutumin ƙasar Isa, yake gwamna. Da saƙonni suka yi yawa, abokan aiki suka nuna mini yadda ake buɗe folda. Wasu shekara-shekara suke kasawa, wasu kuma su buɗe folda barkatai har su manta inda suka jefa abu. Ni tsarin Baba na bi, ina tambayar kaina, wannan saƙo haƙƙin wa ne? Na yi "Gida", na yi "Aiki", na yi "Kuɗi" ta rasit, na yi "Amana" ta takardun mutane. Bakin akwatin na bar wa saƙon da ban amsa ba kaɗai. Har yau ina ganin folda kaɗan da mutum yake leƙawa kullum sun fi tarin da ba ya buɗewa.

Amfanin "Amana" bai fito sosai ba sai da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, foldar "Gida" ta yi shiru. Mutane sun bar ƙauyuka da abin da ke jikinsu, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi. Wanda ya gudu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar adaka.

Tun daga lokacin, duk ɗan'uwan da ya iso Sakkwato da takardar gona ko shaidar makaranta, sai na ɗauki hotonta, na aika wa kaina, na sa mata sunan gida da na gari: Gatawa, Tara, Turba. Bara wata gwaggona ta aiko neman takardar gonar marigayi mijinta, ta asali ta ƙone tare da ɗaki. Na samo hoton, na buga mata kwafi biyu, na ba direban Isa ya kai mata.