Kwana Biyar a Tamale: Kwalbar Feshi da Zancen Diyya

Ga labarin ziyarar da na kai Tamale, babban birnin arewacin ƙasar Gana, a farkon damina. Daga Wagadugu muka kama hanya, muka ƙetare iyaka a Paga, muka ratsa Bolgatanga da Walewale da Sabelugu, sa'an nan muka shiga gari ana kiran la'asar. Tun ina yaro nake jin mahaifina yana zancen fataken da suka riƙa bi ta ƙasar Dagomba zuwa Salaga neman goro, don haka ban yi mamaki ba da na sauka Zango na ji Hausa ta ko'ina, ko da yake ta ɗan sha ruwan Dagbanci da Turanci.

Tamale gari ne shimfiɗaɗɗe, mai yawan masallatai da babura. Tsohuwa da mayafinta za ta wuce ka a kan babur, ga jika goye a baya, ba wanda zai waiga. Tuwon da muka ci da dare kuwa, duk ƙasar Gana da sunansa na Hausa ta san shi: tuwon zafi.

Kashegari mai masaukina ya kai ni kasuwar Aboabo. Ga masara da shinkafa da gyaɗa da doya, ga man kaɗe a ƙwarya. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwalaben maganin feshi da na gani jere a shaguna da bakin titi, wasu cikin tsakar rana. Maganin kashe ciyawa manoma suna ce masa "kondem", kuma ya karɓe aikin fartanya a gonaki da yawa, domin kuɗin kwalba bai kai na 'yan ƙwadago ba. Rubutun jikin kwalbar da Turanci yake, wani ma da Faransanci, alhali mai saye sau da yawa ba ya karanta ko ɗaya. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallo, ban ga wanda ya nemi rasit ba.

Da yamma muka je dubiyar wani saurayi, maƙwabcin mai masaukina, wanda yake yi wa mutane feshi a biya shi. Ranar da abin ya same shi tankin da ya goya yana yoyo, maganin ya jiƙa masa baya tun safe har azahar. Ya dawo gida da jiri da amai, gumi na keto masa, numfashi yana yi masa wuya, sai da ya kwana uku a asibiti. Na ce wa mahaifinsa: "Baba, ina kwalbar da aka zuba maganin daga cikinta?" Ya ce: "Ɗana, ai tana can gona, an yar." Na ce: "To, mai gonar ya biya kuɗin asibiti?" Sai ya yi murmushi ya ce: "Malam, abin da Allah Ya rubuta ne. Wa zai kai maƙwabci ƙara?"

Wannan ba sabon abu ba ne a yankin. A shekarar 2012 wata ƙungiyar aikin gona ta cocin Firesbiteriya mai aiki a arewacin Gana ta fitar da rahoto, inda ta bayyana cewa a ƙarshen 2010 manoma 15 sun rasu a jihar Gabas ta Sama, wadda muka ratsa a hanyarmu, ana zargin gubar maganin ƙwari ce, galibi saboda an ajiye shi kusa da abinci. Gubar tana shiga jiki ta fata da hanci da baki. Wadda ake kira farakwat, alal misali, huhu take ci, kuma har yau ba ta da makari. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi kuwa iska mai kisa take fitarwa, bai halatta ta kwana ɗaki ɗaya da mutane ba.

To, me doka ta tanada? Tun 1996 dokar Gana ta wajabta yi wa kowane maganin ƙwari rajista, mai sayarwa kuma ya mallaki lasisi daga hukumar kare muhalli ta EPA, wadda take da ofishi a Tamale. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta ɗora wa ubangida biyan wanda ya ji ciwo a bakin aikinsa, a kai maganar ofishin leba, kada a wuce wata 6. Manomin da yake aikin gonar kansa ba shi da ubangida, don haka hanyarsa ita ce kotu, ya yi ƙarar wanda sakacinsa ya cutar da shi, ko mai sayar da jabu ne ko mai shigo da shi, kuma dokar 1972 ta ba shi shekara 3 kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin shari'a ta gwamnati. Sai dai duk waɗannan ƙofofi da makulli ɗaya ake buɗe su, wato hujja: kwalbar da tambarinta, rasit, takardar likita mai ɗauke da rana da sunan gubar, da shaidun da suka gani. Gubar kuwa a kasuwa hannu da hannu take tafiya ba takarda. A nan haƙƙin talaka yake salwanta.

'Yan'uwanmu na Abijan sun san wannan darasi. A watan Agusta na 2006 aka zubar da dattin jirgin ruwan Probo Koala a unguwannin birnin, mutane fiye da 100,000 suka nemi magani. Kamfanin Trafigura, ba tare da ya amsa laifi ba, ya biya gwamnati sefa biliyan 100 a 2007, sa'an nan a 2009 ya amince da biyan fam miliyan 30 ga mutane kusan 30,000 da suka shigar da ƙara a Landan. Waɗanda sunansu ya shiga takarda su ne aka yi lissafi da su.

Kafin in bar gidan na ce wa dattijon: "Baba, ƙaddara gaskiya ce, amma a makarantar zaure an karantar da mu cewa wanda ya jawo ɓarna shi ke lamunce ta, diyya kuwa hukunci ne na shari'a, ba rashin tawakkali ba ne. Ba sai an fara da kotu ba. Ku ɗauko kwalbar, ku karɓi takardar likita, ku zauna da mai gonar a gaban liman ko sarkin Zango." Ya yi shiru, can ya aiki ƙaramin ɗansa gona da keke. Na baro Tamale ranar Juma'a, kwalbar tana ɗaure cikin leda a saman katanga, inda hannun yara ba ya kaiwa, ana jiran zama bayan sallar isha.

Ya 'yan'uwa, rigakafi ya fi magani. A rufe jiki da hanci wajen feshi, a yi wanka da sabulu kafin a taɓa abinci, kada a zuba ruwa ko mai a tsohuwar kwalba, in kuma tsautsayi ya auku a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya, amin.