Daga Kasuwar Malam Atta zuwa Duwatsun Shai: Neman Kazar Dutse

A layin masu kaji na Kasuwar Malam Atta zancen ya tashi. Na je sayen zabuwa, ɗana na biye da ni, sai ya hangi wata mata da ƙananan ƙwai masu ɗigo-ɗigo. Ta ce masa ƙwan salwa ne, ta kiwo. Dattijon da ke ɗaure mana zabuwar, mutumin ƙasar Zazzau, ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ka taɓa jin kukan kazar dutse?" Yaron ya yi zuru. A Nima aka haife shi. Abin da ya sani da asuba shi ne kiran salla da hon ɗin trotro.

"Baba, a ina za mu same ta?" na tambaya. Ya ce, "Inda dutse yake da ciyawa. Ku je Shai."

Ranar Asabar muka yi sammako. Daga Ashaiman muka hau motar hanyar Akosombo, muka sauka a ƙofar gandun dajin Shai Hills, kusa da Doryumu, kimanin kilomita 50 daga Accra. Gwaggon biri ne suka fara tarbar mu a bakin titi. Gandun bai wuce murabba'in kilomita 51 ba: fili ne mai ciyawa, duwatsu sun taso a tsakiyarsa. A kansu mutanen Shai suke zaune har 1892, lokacin da Turawan Ingila suka kore su.

Ma'aikacin gandun da ya raka mu ya ce mu yi shiru. Kukan muka fara ji, kamar ana busa sarewa, ɗaya ta ɗauka sauran su amsa. Can sai ga su, biyar, suna bin juna a kan falalen dutse. Ba su kai tattabarar gida girma sosai ba: jiki ruwan ƙasa, ƙafa ja, jan fata a kewayen ido, wutsiya a miƙe kamar ta kaza. Da suka ankara da mu ba su tashi sama ba, gudu suka yi suka shige tsaguwar dutse.

Rayuwarta ke nan. Tsabar ciyawa da ƙwari take ci, a ƙasa take ƙwai, a gindin dutse ko cikin ciyawa. Masana sun gano cewa danginta na kusa ba fakara ba ce, salwar nahiyar Amurka ce. Ana samun ta daga Senegal har Habasha, kuma ba ta cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu. Amma fa a tuna da salwar duwatsun Himalaya a Indiya: tun 1876 ba a sake tabbatar da ganin ta ba. Tsuntsun da duniyarsa dutse ne da ciyawa, in aka fasa dutsen aka ƙone ciyawar, ina zai koma?

A hanyar dawowa muka yi ta wuce tifa-tifai cike da tsakuwa daga wuraren fasa dutse na yankin, da buhunan gawayi a bakin hanya. Mu ne masu saye, wasunmu ma mu ne masu sayarwa. Ba wanda zai ce a daina gini ko girki. Sai dai akwai abin da ke hannunmu: dokar Ghana ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da namun daji ke hayayyafa. Ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar tsuntsun daji a watannin nan ya rage wa mai tarko kasuwa. In kuma an je gida, a yi wa matasa faɗa kan cinna wa daji wuta don kamun gafiya.

Ranar Litinin muka koma wajen dattijon. Ɗana ya kwaikwayi kukan, bai iya ba. Tsohon ya gyara zama ya busa masa da baki, har masu kaji suka juyo. Ya ce rabonsa da jin ta tun yana kiwon awakin mahaifinsa.