Tukunyar da Ta Biya Kuɗin Karatuna

Shekara huɗu na yi a jami'a a Zariya ban taɓa faɗa wa kowa sana'ar mahaifiyata ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce hatsi take sayarwa. Gaskiyar ita ce burkutu take dafawa a ƙauyenmu kusa da Zonkwa, kuma daga bakin tukunyarta kuɗin makarantata ya fito, tun daga firamare har digiri.

A gaban murhun nan na girma. Takan jiƙa dawa ta kwana, ta baza ta a inuwa ta rufe da ganye, tana yayyafa ruwa kwana uku ko huɗu har ta yi tsiro. Sai ta shanya, ta niƙa, ta dama, ta tafasa, ta bari ya kwana ya yi tsami, ta sake tafasawa. Idan ya huce ta zuba ragowar tsohuwar dahuwa domin ya tashi. Shekarar da dawa ta yi tsada, Mama ta soma haɗawa da masara da karyayyar shinkafa, tana dafa su a tukunya dabam kafin ta gauraya. "Masara taurin kai gare ta," in ji ta, "sai ta sha wuta take jin magana."

Ina aji uku malaminmu ya yi bayanin abin da ke faruwa. Tsiro yana ɗauke da sinadarin amiles, wanda ke mayar da sitaci sukari. Masara da shinkafa marasa tsiro kusan sitaci kaɗai suke kawowa, shi ya sa giyarsu ke fitowa da haske ba nauyi, amma sai an dafa su sitacin ke saki. Ya ce tun ƙarni na 19 masu giya a Amurka suke haka, saboda sha'ir ɗinsu ya cika furotin yana gurɓata launi, kuma da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Nijeriya dawa da masara suka koma wa. Ina rubutawa hannuna yana rawa, domin darasin Mama nake kwafa da Turanci.

Ba zan wanke sana'ar tas ba. Na ga magidanta sun shanye amfanin gonarsu kafin bazara, na ga kawuna ya rasu da kumburarren ciki. Ni kaina ba na sha. Sai dai ban ƙi kuɗin ba ko sau ɗaya. Sunan kawai nake ƙyama.

Da na je hutu na tambaye ta kwano nawa na masara take sa wa. Ta ce, "Ba na awo, ɗan nan. In ta yi yawa tsiro ba zai iya da ita ba, sai abin ya fito salam." Wannan tambaya ta fito a jarrabawarmu, amsarta na rubuta.

Ranar yaye mu ta zo da sabon zane. Malamin ya gaishe ta, ya tambayi sana'arta. Kafin in buɗe baki ta sunkuyar da kai ta ce, "Hatsi nake sayarwa." Ashe ta sani, kuma ta zaɓi ta rufa mini asiri da nata mutuncin.

Na ce, "Burkutu take dafawa, ranka ya daɗe. Da shi na yi karatu."